Makarin Tauri

Hartum, ranar Asabar

Zuwa ga Gwaggo Mairo, a Rusairis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida. Na rubuto ta hannun Jibirin direba don kunnenki ba ya jituwa da waya.

Gwaggo, ƙanenki zai haukata ni. Kin san Baba ya kai ba ya iya takawa daga gida zuwa hawasharsa, gonar nan tasa ta Managil, sai ƙirji ya riƙe shi. Likita ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har zuciya, ya hura 'yar balan-balan don ya buɗe hanyar jinin da ta tsuke. Ta ƙi buɗuwa. Wai wani farin abu ya daskare a cikinta, irin wanda ke kama gindin butar shayi.

Da Larabci likita ya yi bayani, Baba ya ce in juya masa da Hausa. Na ce, "Baba, jijiyarka ta yi tauri, kayan aikinsu sun kasa." Sai ya tashi zaune yana dariya: "Alhamdu lillahi! Ashe maganin Inna na nan da ƙarhinai!" Tun ranar yake cika wa majinyata baki, wai ya sha tauri yana yaro, ƙarfe ba ya cin shi.

Likita na da wata dabara ranar Alhamis: balan-balan mai bugun sauti da ke farfasa daskararren abin, sannan a sa 'yar ragar ƙarfe ta tokare hanyar. Babu yanka. Baba ya ƙi sa hannu, wai ɓata lokaci ne, gida zai koma shukar dawa. Likita ya ce in ya tafi haka, komai na iya faruwa a bakin tur'a, magudanar da yake ban-ruwa. Mene ne wannan taurin, don Allah?

Wassalam. Ɗiyarki,
Ibtisam

Rusairis, ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata Ibtisam,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, sai zullumin ubanki Maliki. Allah shi ba shi sauƙi.

Ke kuma, malamar makaranta guda, duk kalmomin duniya ki rasa wadda za ki ɗauko sai tauri? Hausarki ta rame, Larabci ya cinye ta. Tauri magani ne da maza ka sha, su ce wuƙa ba ta kama su. Kin ɗauki ganga kin miƙa ma mai son rawa.

To ji gaskiya. Ubanki bai taɓa shan tauri ba. Ranar kaciyarsa ya hango wanzami ya ruga cikin auduga, sai da Innarmu ta jiƙa tsamiya da ɗan gishiri ta ce mai maganin tauri ne, kana ya tsaya. Ina wurin. Ki duba ƙaurinai na hagu, akwai tabon lauje. In kin tambaya zai ce ranar ya karya dokar maganin. Kan wannan ruwan tsamiya ya tsufa yana buga ƙirji.

Amma kul kika faɗa mai. Namiji in ka ƙwace sandarsa gaban ɗiyarsa, gara ya faɗi da ya dafa ki. Ga ƙulli nan wurin Jibirin. Ki jiƙa, ki sa gishiri kaɗan, ki ce Yaya ta aiko da makari, mai kwance tauri na yini guda. In ya ƙi, ki ce ina tahe da kaina, kuma ba shiru zan zo ba.

Ki gaishe shi, ko da bai cancanta ba.
Gwaggonki,
Mairo

Hartum, ranar Laraba

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Saura ƙiris saƙonki ya tarar na fasa ƙwai, na gaya masa taurin da nake nufi ciwo ne, ba magani ba. Jiya Baba ya durƙushe a hanyar alwala, gumi sharkaf, yana farfaɗowa ya ce santsi ne. Na ce masa aikin nan sauti ne, ba wuƙa ba. Ya ce, "Ita ragar da itace aka yi ta?" Wallahi na fita waje na yi kuka, rabi tsoro rabi haushi.

Na nuna wa likita ƙullin, ya shinshina ya ce, "Aradeb ne, tsamiya kawai. A ba shi yau, gobe ba ci ba sha." Na jiƙa na kai. Baba ya karɓa yana mita, wai ke ba ki san kan magani ba. Ya kurɓa sau ɗaya. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya shanye tas, ya juya fuska bango. Can ya ce, "Kira min mai takardar."

Ban gane abin da ya faru ba, ban kuma tambaya ba. Gobe da safe za a shiga da shi. Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Ibtisam

Hartum, ranar Asabar

Yaya Mairo,

Sallama da gaisuwa. Da hannuna nike rubutu, na dama, wanda aka huda.

An yi. Idona biyu, ina jin abin na ƙwanƙwasa can ciki. Yau na taka har ƙofar asibiti na dawo, ƙirji bai ce komi ba.

Gishirinki ya yi yawa, na Inna bai kai haka ba. Kuma tun ranar kaciyar na san tsamiya ce, don wuƙar wanzami ba ta lanƙwashe ba. Tsoro nike ji, Yaya, irin na cikin auduga, na rasa sunan da zan ba shi gaban yarinyar nan, sai ita da kanta ta miƙo min tauri. Da na ji ɗanɗanon, sai na ga kamar Inna na riƙe da kaina.

Kul kika faɗa mata.

Ƙanenki,
Maliki