Robobin da Aka Tsame

Kwali, Abuja
Fabrairu, 2007

Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Kin ce zazzaɓin ya dawo tun da aka canja mata robar fitsari. Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya biya ki wannan jinya.

Kin ce wai inji ne ya aure ni, shi ya sa ban zo Sallah ba. To, bari in gabatar miki da angon. Ƙwayoyin cuta ne ke manne wa robar, su ke wahalar da Inna. Ni kuwa a ɗakin gwajinmu sai in sa robar a injin, wata tukunyar gilashi ce, in zuƙe iskar ciki, in saki gas, in ba shi lantarki har ya yi haske shuɗi. Shi ake kira filasma. Yakan bar wata 'yar fata a jikin robar wadda ido ba ya gani, ƙwayar cuta ta rasa wurin kamawa.

Shafawar ba ta da wuya, zamanta ne aiki. Kin san yadda fentin kwanon sha yake ɓarewa. In ta ɓare a cikin jikin mutum, gara ma ba a shafa ba. Shi ya sa na jiƙa robobin cikin kwalabe, a ruwan gishiri mai ɗumin jiki, sai sun shekara ba a tsame su ba. Yanzu suna wata na bakwai, ni ce nake gadinsu kamar kaza a kan ƙwai.

Ki shafa min kan Inna.

Ƙanwarki,
Halimat

Kwali, Abuja
Afrilu, 2007

Yaya Iyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, wasiƙarki ta iso. Kin ce kun gan ni a talabijin, Inna ta yi guɗa daga kwance, ta ce a aiko mata tata robar. Wallahi da na karanta sai da na yi kuka, kuma ba na daɗi ba.

Ga abin da ya faru. An shirya baje koli a wani otal a Maitama, manya za su zo kafin a miƙa mulki, kowace ma'aikata na neman abin nunawa. Na tafi Bwari ta'aziyya, da na dawo na tarar da kwalabena wayam. Oga Zacharias, daraktanmu, ya sa an tsame robobin, wai a cikin ruwa ba za su yi kyau a hoto ba. An shanya su a rana, an goge su da hankici, an jera a kan jan ƙyalle. A otal ɗin ina tsaye manya suka riƙa miƙa wa juna su, hannu duk maiƙon nama. Oga ya ce an yi nasara, aka tafa, aka ba ni lambar yabo. Murmushin da kuka gani, haƙorana nake cizawa.

Na duba su daga baya. Fatar ta ɓare a wurare da yawa. Ruwan ne ya ɓare ta ko hankicin? Babu mai iya sani, har ni. Wata tara sun bi ruwa. Da na yi magana, aka ce in gode wa Allah, an san sunana a sama.

Na jiƙa sababbi, na sa kwaɗo, makullin yana wuyana. Sai wata shekarar, in Inna na da rabon gani.

Yaya, ba zan aiko da robar ba. Ba zan sa wa uwata abin da ban san zamansa ba, ko da duk Abuja ta tafa masa. Na kasa gaya mata da bakina. Ke kika iya da ita, ki gaya mata 'yarta ba ta gama ba tukuna. Lambar kuma kada ta sa ran gani, da ita nake tokare ƙofar ɗakin gwaji.

Taki,
Halimat