Kwanon da Kawu Ya Tunkuɗe

Yaya Bukar,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Legas? Mu nan Nguru lafiya lau, sai ɓacin rai.

Ka san rigimar Baba da Kawu Modu kan fadamar Dagona. Baba ya nemi sulhu, Inna ta dafa shinkafa da kifi, na riƙo kwanon a cinyata a mota har gidan Kawu a Gashua. Na durƙusa na ajiye, Kawu ya sa ƙafa ya tunkuɗe shi, miya ta malale a tabarma.

Da na dawo Inna ta ce, "Wataƙila ƙoshi ya yi ya ture."

Na ce, "Haba Inna! Wanda ya ƙoshi da hannu yake turewa, ya yi godiya. Akuya ake tunkuɗewa in ta sa baki a buhu." A ganina ma daga tunkuyin rago kalmar ta fito.

Yanzu Baba ya ce ranar Juma'a in koma da wani kwanon. Zan je saboda shi. Ka roƙa mini Allah in riƙe bakina, don in ya kuɓuce, zumuncin nan ya ƙare. Ka gai da yara.

Ƙaninka,
Ali