Allon Injin Baba a Cikin Zanen Inna

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar Inna? Auta ta daina kukan makaranta? Ni lafiyata ƙalau. Aikin shagon Gwaggo ba wuya, sai dai tsayuwa.

Baba, na samo allon nan mai sarrafa injinku, wanda ka ce in ba a samu ba za a rufe sashenku a sallame ku. Ashe an daina ƙera irinsa tun ba a haife ni ba. Kwana tara ina zaga rumfunan tsofaffin kayan lantarki. Ka san ni da kunya, sai dai in miƙa takardar da ka kwafo lambar, in sunkuyar da kai. Wani har cewa ya yi, "Wannan ai sa'an kakanki ne."

Jiya wani tsoho ya ce, "'Yata, ɗago ki karanto min, idona ya gaji." Na karanta masa. Ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur, ya gwada, fitilarsa ta kama.

Ya ce kada ulu ya taɓa shi, auduga kawai. Sai na naɗe shi a zanen da Inna ta ba ni. Da shi nake rufa, amma ba komai, ba a sanyi sosai.

Direba zai kawo ranar Laraba. A dawo min da zanen, amma Inna ta ɗaura shi kwana biyu tukuna, kuma kada a wanke, ƙamshinta nake so.

Allah ya tashi injin lafiya.

'Yarka