Ƙararrawar da Baba ke ji a Madina

Khalidiyya, Madina

Yaya Abdulazeez,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kai da uwargidanka Anti Kaltuma, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Sa'id yana garin Yanbu wurin aiki, 'yata Ilham kuwa har yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini, kamar ni ce baƙuwa a gidana. Na rubuto ne maimakon in kira ka, domin Baba, wanda ba ya jin sallamata, yana jin duk maganar da aka yi a kansa ko da raɗa ce.

Ka san shekara ashirin da ya yi yana gyaran duwatsun tsohon cocin nan na unguwarku a Janowa ta Italiya, kafin ya bar maka aikin ya dawo wurina. Abin da ba ka sani ba, sai kwanan nan ya faɗa mini, kansa a sunkuye. Wai da hannun abokinsa Ettore, mai kula da cocin, ya shanye, shi ya riƙa ja masa igiyar ƙararrawa a ɓoye, shekara huɗu, don kada a sallami tsohon. Ya ce in an yi rasuwa bugu biyu ake yi wa mace, namiji kuma uku, a dakata, a sake. Shi kuwa yakan tsawaita dakatawar, domin a cikinta yake yin istigfari.

Tun bayan Ramadan, muna zaune da rana tsaka sai ya ɗaga yatsa yana ƙirge. Ni dai ban ji komai ba sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ranar farko ya ƙirga bugu biyu, ya ce mace ce. Na yi dariya, na ce Baba, a Madina wace ƙararrawa? Washegari kai da bakinka ka gaya mini an binne tsohuwar nan mai gidan burodi. Karo na biyu ya ƙirga uku, ya yi kuka, ya ce Ettore ne. Ka tuna ni na kira ka na tambaya kafin ka ba mu labari, har ka yi mamaki. Aikin harhaɗa magunguna nake yi, Yaya, na duba ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na kai shi an duba kunnensa. Ba a ga komai ba.

Jiya bayan la'asar mun dawo daga Harami, ina tura kekensa a cikin taron masu ziyara, sai ya riƙe tayar. Ya ɗaga yatsa. Uku, ya dakata, dakatawar ta yi tsawo har na zaci ya gama, sannan ya sake uku. Na ce masa ai kai ka gaya mana an sauke ƙararrawar wata biyu ke nan saboda ta tsage, tana ajiye a ƙasa cikin harabar cocin. Ya ce ya sani. Na tambaye shi to wa ke bugawa, kuma wa ake buga wa. Sai ya buɗe mini tafukan hannayensa. Sun yi ja, da shatar igiya a tsakiya, kamar na wanda ya wuni yana jan guga. Ya ce, "Babu mai dakatawa haka sai ni."

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Shi kuwa hankalinsa kwance, ya ci abinci sosai, ya sa na wanke masa farar jallabiyarsa, ya tambaye ni sau biyu ko ka ce yaushe za ka zo. Sau uku kana ɗaga zuwan nan, kullum sai an gama gyaran bangon gabas na cocin. Bangon ya yi shekara ɗari huɗu a tsaye, zai jira ka. Ka nemi bizar umra yau, kada ka bari sai Juma'a.

Ka gaishe da Anti Kaltuma da 'yarku Khadijatul Kubra. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce kuma in ka shiga harabar cocin ka ɗora hannu a kan ƙararrawar, za ka ji har yanzu tana rawa.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Zaituna