Yatsun Baban Hanifa da Ruwan Fadama

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Mujtaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Legas. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa unguwa, Hanifa kuma ta koma makaranta.

Maganar jitar da ka aiko wa Baban Hanifa ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba na iya faɗa maka yana kusa. Ka san tun kafin ya aure ni da molo yake cin abinci, amma yanzu masu biki sun daina nemansa. Zayyanu, mai ƙungiyar kiɗan nan ta Birnin Kebbi da ke kiɗa a bukukuwan unguwar Gesse, ya ce zai ɗauke shi in har ya iya danne tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda sauti ya fito tas, kafin bukukuwan bayan Sallah. In bai iya ba, akwai wani a layi. Ka aiko da abin arziki, amma wallahi ka haɗa ni da aiki, kunnuwana sun sha wuya.

Da farko abin dariya ne. Wuyan molo ba shi da ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, sai ya riƙa ɗora yatsa a kansu, tsirkiyar tana zizi kamar ƙuda a gwangwani. Da ka gaya masa a bayan ƙarfen ake dannawa, da kan yatsa, ya gyara. Sai wata ta ɓullo: in ya danne wannan, cikin yatsan ya taɓa ta kusa ya kashe mata murya. Mutumin da ake yi wa guɗa a fili, ga shi zaune a tabarma yana gumi kamar ɗan koyo. Na daina dariya tuni.

Babbar damuwar ita ce kanta, wato taurin fatar yatsa. Ka ce sai kan yatsunsa sun yi kanta kafin wayar jitar ta daina yanka shi. To, Mujtaba, kai ka manta da fadama. Lokacin dashen shinkafar rani ne, yini yake hannunsa cikin ruwa da laka. Ɗan taurin da ya tara sai ya jiƙe ya yi fari, da ya taɓa waya ya saɓule. Ya gwada safar roba, ya ce ba ya jin saiwar iri a hannu, ya jefar. Na ɗaure masa yatsun da tsumma, ruwa bai san da tsumma ba.

Sai ya yanke shawarar ƙaurace wa gona na ɗan lokaci. Maƙwabta suka yi ta magana, ya toshe kunne. Shekaranjiya da hantsi ya ƙwala mini kira ina tsakiyar tankaɗe. Na zo ya buga, duka tsirkiyoyin suka amsa tare, babu zizi ko kaɗan. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka a gidan nan ba. Ya ce mini yanzu ya ga hanya, in ya ƙara samun sati biyu hannunsa a bushe, aikin Zayyanu ya zama nasa.

Jiya da safe Ɗanmusa, wanda muke tarayyar injin ban-ruwa da shi, ya aiko cewa layinmu ya zo, iri kuma ya fara tsufa, in ba a dasa yanzu ba an yi asarar bana. Baban Hanifa ya daɗe yana duban yatsunsa. Na so in ce ya zauna, amma na san abin da ya rage a rumbu. Ya rataye jitar, ya naɗe ƙafar wando. Ni da kaina na miƙa masa malfarsa.

Ban san abin da nake roƙonka ba, sai dai addu'a. Ka gaida Ɗayyaba da yara, da Kawu Abbas in kun haɗu. Umma da Hanifa suna gaishe ku. In ka kira shi, don Allah ka tambaye shi shinkafa kawai.

Yayarka,
Rukayya