Teburinka Ya Zama Ƙyaure, Yaya Sada

Zuwa ga yayana Sada, a duk dajin da kake,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana raye, Inna na gaishe ka, matarka Hajara ma haka. Ba ni da inda zan aika wannan takarda, shi ya sa na sa ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka labari.

Na dawo daga gasar wasannin ƙasashe. An tafi da ni, Yaya. Ni ɗin nan da ka koya wa ƙwallon tebur a zauren gidanmu na Sheme, na sa rigar Najeriya. An jera mu bayan tuta, 'yan gudu, 'yan dambe, 'yan ninkaya, ana kiɗa ana ɗaga hannu. Wallahi ban ji daɗi ko kaɗan ba. Damina biyu ke nan da 'yan bindiga suka ɓalle ƙyauren zaurenmu da rana tsaka suka tafi da kai, kuma ƙasar da nake bin tutarta har yau ba ta dawo mana da kai ba.

Ka tuna teburinmu? Malam Iro kafinta ya haɗa maka shi, ka shafa masa koren fenti, ka ja farin layi da hannunka, layin ma a karkace. In ƙwallo ta lotse sai ka tsoma ta a ruwan zafin da Inna ta ɗora na koko, ta taso, Inna kuwa ta yi ta faɗa.

Ga kuma tsagar nan ta kusurwar hagu. Duk ƙwallon da ta faɗa kanta sai ta kauce, ba mai iya tarewa. Da ita ka cinye samarin Daudawa kaf, suka koma suna cewa asiri gare ka. Ni kuma ka hana ni sakat sai da na iya saitinta ido rufe. Kullum maganarka ɗaya ce: "Kai dai nemi tsagar."

To, ita ta kayar da ni. Wasana na farko, da wani dogon ɗan wata ƙasa, mun yi kankankan, saura bugu ɗaya a san mai ci. Duk horon da aka ba ni a sansani ya gudu daga kaina. Hannuna ya tafi kusurwar hagu da kansa. Teburinsu kuwa sumul yake kamar madubi. Ƙwallo ta tashi masa lafiya lau, ya sheme ta. Kocinmu ya yi ta masifa, wai wane irin shirme ne wannan. Ta ina zan fara yi masa bayani?

Da na iso gida na tarar har yanzu buhu ne rataye a ƙofar zaure. Tun ranar da aka ɗauke ka Inna take so a yi ƙyaure da teburin, don katakonsa mai kauri ne. Ni na hana. Na ce ba mai taɓa shi sai ka dawo mun ƙarasa wasan da muka bari. Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta kama hannuna ta nuna mini ƙafafun teburin, gara ta cinye biyu. Cewa kawai ta yi: "Mata biyu ne a gidan nan, Kabiru, kai kuma kana can wajen tuta."

Na ji kunya, Yaya. Kunyar da ban ji ba ranar da aka cinye ni.

Jiya Malam Iro ya zo da zarto. Ni na riƙe masa katakon yana yankawa, ina kuka ba ɓoyewa. Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya cike tsagar, kada ya sake fenti. Ka yafe mini.

Allah Ya kare ka a inda kake, Ya sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da kai. In kuwa ka riga mu, Allah Ya sa ka huta, Ya ba Inna haƙuri. In ka dawo, unguwar ta canja, gidaje da yawa sun zama kango. Kada ka ruɗe. Namu ne mai koren ƙyaure da farin layi a karkace. Kai dai nemi tsagar, ka ƙwanƙwasa.

Ƙaninka,
Kabiru