An Ba Kunama Baƙi

Karantina, Rajab 1429

Zuwa ga Othman ɗan ƙanwata Fatu,

Bayan sallama da gaisuwa. Na'ibin masallacinmu ke rubuta mini, tunda na rantse bakina ba zai ƙara yi maka magana ba.

Ɗana Abdulghani ya ƙare idonsa yana koya wa kwamfuta shataranj, darar nan mai sarki da doki, ya sa wa abin suna Kunama. Kai ke haɗa irin waɗannan faɗa a shagonka na Ruwais, kana jera su daga gwani zuwa rago a intanet. Wani kamfani a Madinar Masana'antu ya ce in Kunama ta shiga goman farko kafin Ramadan, zai zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasa. Sai ka jefa ta can ƙasa. Na tambayi dalili, aka ce baƙi ake ba ta. Baƙi! Tun ina dako a bakin teku ake ce mini baƙi, yau kuma jinina ne zai yi wa ɗana? Ka gyara, ko in zo da ƙarfen da nake ɓalle akwatuna.

Kawunka Gwadabe

Ruwais

Kawu, Allah ya ƙara girma,

Na gaishe ka da ladabi. Wallahi ba launin mutum ba ne, launin 'ya'yan wasan ne, abyad da aswad, wato fari da baƙi. Mai fari shi ke fara tafiya, halas, shi ke nan. Ni ba na zaɓa, kwamfuta ke rabawa. Ka ba ni lokaci in duba. Don Allah ka bar maganar ƙarfe, mu duka takardunmu ba su kai a ga 'yan sanda ba.

Ɗanka Othman

Karantina, Sha'aban

Othman,

Sallama, don ita wajibi ce. Da hannunka ka rubuta cewa fari ke fara tafiya. To me na ce? Ko a wasa ma mu ne a baya. Na jira, jerin bai motsa ba, na zo. Ka ga yadda gilashi ya watse har titi. Kwamfutar tsakiyar nan mai ƙugi sai da na yi mata uku kafin ta yi shiru. Hannunka kuwa kai ka tara shi, ban kira shi ba. Na ji ƙarar ƙashin, kuma na ci tuwona a ranar. Abdulghani ya daina kallona, shi ya sani. Ka kai ni ƙara in ka isa.

Gwadabe

Ruwais

Kawu,

Gaisuwa. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi. A asibiti na ce faɗuwa na yi.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Na duba, akwai kuskure a rabon: duk sabon shiga, baƙi ya fi faɗo masa. Kunama ta sha wannan. Na gyara, na sake wasannin daga farko, fari da baƙi daidai. Ta hau ta bakwai. Ban fitar ba don saura kaɗan a gama, kuma ba na fitar da rabin aiki, ko na ɗan uwana ne. Duka yana cikin ta tsakiyar nan mai ƙugi, ba shi a wani wuri. Kamfanin ba ya karɓar magana ta baki, kuma Ramadan ya zo.

Ka gaida Abdulghani. Ban iya gaya masa ba.

Othman

Karantina

Othman,

Sallama. Ashe dai an ba shi baƙin. Kada ka ce ban faɗa ba.

Ga ƙarfen nan Na'ibi zai kawo maka. Gobe bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, hannuna na dama a kan benci. Ka zo ka karya, ba zan janye ba. In ka gama, ka shiga ciki ka gaya wa yaron ta bakwai ce. Daga bakinka zai yarda.

Kawunka Gwadabe